Maɗacin da Ba a Shafa wa Fenti Ba

Magariba ta kawo jiki a Ƙofar Kware, hayaƙin tuwo ya kwanta bisa rufin gidaje. Malam Jelani na zaune kan tabarma, ya zuba wa sabon ƙyauren gidansa ido. Na maɗaci ne, jawur, mai kauri, kafinta ya ƙure basira a kansa. Shekara da shekaru maƙwabcinsa Alhaji Maigandi na cika wa unguwa ido da nasa ƙyauren, har baƙi kan tsaya su shafa. A ce ma'aikacin gandun daji sukutum, wanda itatuwan gwamnati ke hannunsa, yana rufe gida da kwano! Wane irin haƙuri ne bawan Allahn nan bai yi ba?

Sai dutse ya faɗo tsakar gida. Ba kowa a lungu, ba kowa bisa katanga. Na biyu ya fasa randa. Kaji suka yi tsit. Can ƙyauren ya ja dogon nishi irin na tsohon da aka tasa daga barci, alhali ko ganye bai motsa ba.

Haka aka dinga yi kowace magariba. Matarsa Dijatu ta ce a cire ƙyauren. Jelani ya ce aikin mahassada ne, shi dama ya san ba za a bar shi ya sha iska ba.

Akwai dai abin da bai gaya mata ba. A gandun da yake aiki, kafin a ba masu katako izinin sara, shi ke zagayawa da gwangwanin jan fenti. Itacen da ya shafa wa ya zama uwar iri, ba mai taɓa shi. Wanda ya tsallake kuwa na zarto ne. Itatuwan maɗaci biyu ke tsaye a bakin fadama. Jelani ya shafa wa karkataccen, ya tsallake miƙaƙƙen, don tuni ya hango ƙyaure a jikinsa. Masu saran dā kan yi wa babban itace sallama, su ba mazaunansa na ɓoye lokaci su kwashe. Masu inji kuwa tada injin kawai suka yi.

Wata magariba ɗiyarsa Sadiyatu, budurwa mai kunya, ta kawo masa ruwan alwala. Daidai ƙyauren ta sandare, buta ta faɗi, ta juyo da idanun da ba nata ba. Aka ruga aka kira Malam Mode, masanin ruƙiyya na unguwar.

Malam ya zauna gabanta yana karatu a hankali, har duhu ya soma cin fuskokin mutane. Sannan bakin yarinyar ya buɗe, muryar tsoho ta fito.

"Ya isa, Malam. Ƙona ni kake."

"Kai wane na?"

"Mai maɗacin da anka sare."

"Gida kake biɗa?"

"Gida? Ko kuka ai gida ta. Malam, ni da ƙanena muke maƙwabtaka. Iccenai karkatacce, ko jemage ba ya kwana ciki. Shi anka shafa wa jan fenti! Shi anka kewaye da waya! Manya na zuwa da motoci suna ɗaukar hoto gabanai. Ni babba, an maishe ni wurin da akuya ke sosa baya."

Jelani ya sunkuyar da kai. Duk gidan ba wanda ya san ciwon nan kamarsa.

"Abin da ya fi ci mini rai," in ji muryar, "kullum in buɗe ido in ga ƙyauren Maigandi. Ya fi ni kyau."

"Ƙarya kake!" Jelani ya miƙe zumbur. "Ka duba kauri! Ka duba zane!"

"Malam!" Dijatu ta fashe da kuka tana duban mijinta. "Ɗiyarka na kwance kana gardamar ƙyaure?"

Malam Mode ya ɗaga hannu. "Faɗi abin da zai fitar da kai."

"A sare na ƙanena, mu zama ɗaya."

"Wannan zalunci na, ba a yi." Malam Mode ya koma karatu, yarinyar ta shiga murƙususu.

"Tsaya, tsaya! To a dasa mini sabon maɗaci inda nawa ya tsaya. Kafin ya girma, a kai ƙyauren nan a jingine kan kututturen. A shafa mai fenti. Layi biyu. Ƙanena ɗaya gare shi."

 Jelani ya dubi ƙyauren, ya dubi ɗiyarsa, jijiyoyin wuyanta sun tashi raɗa-raɗa. Ya sake duban ƙyauren, duba mai tsawo, har Dijatu ta yi gyaran murya. Sannan ya ɗauko guduma da kansa. Ƙusa ta ƙarshe na fita, Sadiyatu ta yi atishawa, ta ce, "Inna, ruwa."

Washegari da hantsi, Jelani ya dawo daga gandu da fenti a hannun riga, ya tarar da Alhaji Maigandi tsaye yana nazarin tsohon kwanon da ya koma mazauninsa.

"Ashsha, Malam Jelani. Ina ƙyaure?"

Jelani ya gyara zaman hularsa. "Yana gandu, Alhaji, da jan fenti layi biyu. Naka fa, gwamnati ta ko san da zamanai?"