Ba a Tashin Soja ta Kafaɗa

Kofin ƙanƙarar da ke hannun Renita ya suɓuce, ya watse a ƙofar ɗakin.

"Lamont...!"

Shi ne kuwa. Yana tsaye a gefen gadon Saje Odell cikin kakin soja, ya rame har wuyan rigar ya yi masa yawa.

"Ban san a nan kike aikin sa kai ba," ya ce, kansa a sunkuye. "Da na sani da na roƙa a turo wani."

"Ai na sani. In dai gudu ne, ba a fi ka ba."

Gidan jinyar nan na bayan garin Macon ba a kawo mutum don ya warke. Waɗanda likitoci suka cire rai da su ake kawowa, su ƙarasa kwanakinsu ba cikin kaɗaici ba. In tsohon soja ne, akan turo soja ɗan'uwansa ya maƙala masa lambar godiya, ya sara masa. To duk sojojin da ke jihar Georgia ta Amurka an rasa wanda za a turo sai mutumin da ya bar ta da zoben alkawari a yatsa!

Bara abin ya faru, wata Lahadi bayan an taso daga coci. Ya ci soyayyiyar kaza ya ƙoshi, barci ya kwashe shi a kujerar barandar gidansu. Ta lallaɓo tana murmushi ta dafa kafaɗarsa. Kafin ta kira sunansa sai ga ta a ƙasa, hannunta a murɗe, ƙashi ya ce ƙas! Idanunsa a buɗe, amma ba ita yake gani ba, yana can fagen yaƙin Afghanistan. A gaban mahaifiyarta aka yi.

"Muddin ina numfashi ba za ki auri wanda zai kashe min ke ba!" in ji uwar.

Lamont bai jira a kore shi ba, shi ya kori kansa.

Faɗuwa ta zo daidai da zama ga Desmond mai kantin magani, wanda ya daɗe yana yi wa gidan shawagi. A wurinsa Lamont ke karɓar magani, shi ne kuma ya bi matan coci da raɗa wai yaron nan ƙwayar mahaukata yake sha. Yanzu Lahadi mai zuwa yake jiran amsarta, mahaifiyarta har ta fara zaɓen furanni. Renita ba son sa take yi ba, ta dai gaji da jiran wanda ko waya ba ya ɗagawa.

"In kun gama kallon-kallon, mijina ba shi da lokacin ɓatawa," in ji Mama Vernell, matar Saje, daga kujerarta.

Kunya ta kama Renita. Ta yi saurin matsawa bakin gado don ta tashi tsohon, ta miƙa hannu zuwa kafaɗarsa...

Tas! Tsohuwar ta make mata hannu.

"Kul! Ba a tashin soja ta kafaɗa, 'yar nan!"

Ta dogara sandarta ta zagaya ƙarshen gadon, ta yaye bargo, ta kama babban yatsan ƙafarsa ta matsa a hankali.

"Odell... Ni ce. Kana gida, masoyi."

Ta juyo ta yashe baki, haƙorin zinare ya haska.

"Kin zaci gayu ne wannan? Ina amarya na sunkuya zan sumbace shi yana barci, shi kuwa yana can yaƙi a dajin Vietnam, naushi ɗaya ya cire min haƙorin. Babana da bindiga ya zo ya tafi da ni."

Renita ba ta san lokacin da ta riƙe wuyan hannunta ba. Lamont kuwa ya damƙe ƙaramin akwatin lambar kamar zai fasa shi. Mama Vernell ta dubi wannan, ta dubi wancan. Tsohuwa ai ba a yi mata bayani sau biyu, wani lokacin ko sau ɗaya ba ta buƙata.

"Kai yaro, kana ganin likita?"

"Duk mako, Mama."

"Ka kyauta. So ba ya maganin wannan ciwon. Ni ma ban koma ba sai da ya yarda ya nemi taimako."

Saje Odell ya buɗe ido da ƙyar. Lamont ya durƙusa ya maƙala masa lambar a ƙirji, ya miƙe ya ƙame, ya sara, yana satar kallon Renita.

"Mun gode da hidimarka, Saje. Sannu da dawowa gida."

Leɓen tsohon ya motsa, sai da suka matso suka ji shi.

"Yaro... ni kake sara wa... ko ita?"

Mama Vernell ta tuntsire da dariya har da tari. Lamont ya sauke hannu ya fice, bai waiwayo ba. Renita ta ji haushinsa, ta ji tausayinsa, ta kuma san har yanzu son sa take yi kamar ta mutu.

Ranar Juma'a da hantsi Saje ya cika. Renita ce ke jiƙa masa leɓe da ƙanƙara lokacin da numfashin ya fita bai dawo ba.

Mama Vernell ba ta yi kururuwa ba. Ta jingine sandarta, ta hau gefen gadon, ta kwantar da kanta a kafaɗarsa. Ta shafa goshinsa, ta shafa kumatunsa, ta sumbaci idanunsa ɗaya bayan ɗaya.

"Shekara hamsin ina sha'awar in taɓa fuskarsa yana barci," ta ce. "Sai yau."

Kuka ya ƙwace wa Renita.

"Mama... da za a mayar da ke baya, za ki sake komawa?"

"Ba zan yi miki ƙarya ba, 'yata, akwai wuya. Akwai shekarun da gado biyu muka yi. Akwai ranakun da na tsani yaƙin nan har na kusa haɗawa da shi." Ta gyara masa wuyan riga. "Amma in idonsa biyu, Ubangiji bai yi namiji mai taushin hannu kamarsa ba. Da gudu zan koma."

Ba a fitar da soja ta ƙofar baya. Aka lulluɓe shi da tuta, ma'aikata da masu sa kai suka yi layi har bakin ƙofa. An kira Lamont, ya zo. Yana tsaye a waje a ƙame, hannunsa a goshi, kuma ba zai sauke ba sai motar gawa ta ɓace.

Renita ta zo ta tsaya kusa da shi. Sai da aka rufe motar ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Yau dai na kama ka. Ba ka da ikon magana, ba ka da ikon gudu. To saurara."

Idonsa bai bar kan motar ba.

"Ba zan auri Desmond ba, da bakina zan gaya masa. Ranar Lahadi za ka zo gidanmu. Mahaifiyata za ta wanke ka tas, ka tsaya ka shanye, don tana da gaskiyarta. Wajen likitan nan kuma tare za mu riƙa zuwa. Ranar da ka daina zuwa, ranar zan cire zobenka."

Motar ta fara tafiya a hankali.

"Tsoro kake ji, na sani. Ni ma ina ji, masoyina... Amma na ga abin da za a biya, da idona na gani, kuma na yarda."

Hawaye suka zubo masa, suka bi kumatu suka sauka a wuyan kakin. Ba damar ya share.

Renita ta ɗaga hannu sannu a hankali, ta inda zai gan shi yana zuwa, ta share masa. Bai zabura ba. Sai ma ya ɗan kwantar da kuncinsa a tafinta, hannunsa na dama yana nan a goshi har motar ta sha kwana.