Baki a Gaba, Murya a Baya

Ranar da Naja'atu ta fara tsayawa bakin shagon Muttaka a kasuwar Anka, ba shi ta kalla ba, kwamfutarsa ta kalla. Shi kuwa bawan Allah, yana ɗagowa ya manta da wayar da yake tura wa fina-finai, sai da mai wayar ya zungure shi.

"An ce kana maida faifai cikin waya," in ji ta, tana kwance wani ƙullin ɗankwali. Tsohon faifan bidiyo ne a ciki, bayansa duk ƙarzuwa.

"Ina yi. Wane fim ne?"

"Ba fim ba ne. Bikin ƙanwar Innata ne da anka yi Bukkuyum ina ƙarama. Babana na ciki." Ta sunkuyar da kai. "Ba mu da hotonai ko guda. Da munka baro Zugu, wanga kaɗai Inna ta ɗauko, kuma ba mu da abin kunna shi."

Bai tambayi abin da ya sami baban ba. Wanda ya baro Zugu da kayansa ƙulle a ɗankwali ba a yi masa irin wannan tambayar.

"Ki ba ni lambarki, in kira ki in na gama," ya ce. Aiki ne ya sa ya nema, in ji shi. To, mun ji.

Faifan ya ba shi wahala. Ya yi ta gurnani cikin kwamfuta, ya tsaya, ya ci gaba, da ƙyar ya juye. Muttaka ya kunna farkon ya ga lafiya lau, ga hoto ga sauti. Da ya daure ya kalla har ƙarshe, da ba a yi abin da aka yi ba. Amma ina! Ɗokin kiranta ya hana shi.

Da la'asar Inna Barakatu ta tara matan gidan da suke haya, aka jingina waya jikin kwano. Ga mata na daka, ga amarya, ga Inna da ƙuruciyarta, ana ta shewa. Can sai ga marigayi Malam Almustapha zaune kan tabarma cikin farar riga, 'yar Naja'atu rakuɓe a gwiwarsa. Inna ta dafe ƙirji. Ya buɗe baki zai yi wa amarya addu'a, sai guɗa ta fito, ayyiriri, tun ƙarfi.

Wata maƙwabciya ta tuntsire da dariya kafin ta kama bakinta. Muryar Malam ba ta iso ba sai da hoto ya wuce kan wani maroƙi mai jan baki, addu'ar duka ta fito ta bakin maroƙin.

Inna ta kife wayar.

"Mutumin da ko dariya bai ɗaga murya, shi anka sa ma guɗa gaban mutane? Je ki amso min faifaina. Ki ce ya goge wanga abin kunya, ke ma ki goge. In na sake jin kin taka shagon nan, ni da ke ne."

Naja'atu ta karɓo faifan idonta jawur, ba ta ko zauna ba. Ta goge na wayarta a gabansa. Bayan ta tafi ya tura mata saƙo:

"Naja, wallahi ba da gangan ba ne. Duk inda faifan ya ƙarzu, hoto tsallakewa yake yi, murya kuwa ba ta tsallakewa, shi ya sa hoto ya tsere mata. Laifina shi ne ban duba ba. Ki yafe min."

Sai washegari ta amsa:

"Ni na yafe. Inna ce ba ta magana."

Daga nan saƙo ya ɗinke tsakaninsu, tun ana Malam Muttaka har aka koma Mai Gyarana, shi kuma yana ce mata Sanyin Ido. Amma ko ƙofar gidan bai isa ya tsaya ba. Ya aika a nema masa izinin zuwa gaisuwa, Inna ta ce ita ba ta da ɗiyar ba mai tura fim.

Na kwamfutar kuwa bai goge ba. Ya kasa. Kullum in kasuwa ta lafa sai ya zauna yana jan sautin gaba kaɗan kaɗan. In ya daidaita farko, ƙarshe ya goce. In ya daidaita ƙarshe, farko ya lalace. Ya tambayi abokan sana'a har Gummi, kowa ya ce ya haƙura. Wata rana ya kifa kai kan tebur, ya rasa abin da ke masa daɗi.

Ana cikin haka Sufyanu ya shigo zancen. Mai sayen zinari ne a Abare, yana da sabon mashin, ya daɗe yana kai gaisuwa gidan, Inna kuma na yaba hankalinsa. Da ya ji labari ya ce a ba shi faifan, ai datti ne kawai. Da zuciya ɗaya ya yi, Allah ya sani. Ya shafe shi da man goge baki, ya dirje da tsumma, ya ɗauraye, ya shanya kan kujerar mashin ya shiga sallar azahar. Kafin ya fito rana ta lanƙwasa faifan kamar soyayyen ƙosai.

Saƙon Naja'atu ya zo gajere:

"Mai Gyarana, faifan ya mutu. Inna ta rungume shi tana kuka, ta ƙi cin abinci. Ta ce yau Baba ya rasu. Ban san yadda zan yi ba."

Muttaka ya karanta ya sake karantawa. In ya ce yana da bidiyon a kwamfuta, ya tona cewa ya saɓa wa Inna. In ya yi shiru, shi ke nan. Ya rufe shago, ya saɓa jakar kwamfuta.

Ya daɗe durƙushe a zaure kafin Inna ta leƙo.

"Mi ya kawo ka?"

"Inna, kin ce in goge, ban goge ba. Ki yi min duk hukuncin da kika ga dama. Yana nan, amma na kasa gyara shi. Ni ban san Baba ba, ban san yadda yake magana ba. Ke kaɗai kin sani."

Ta dube shi, ta dubi jakar kwamfutar. Sannan ta juya ta ce, "Naja'atu, kawo mai tabarma."

Ya yi mata bayani a hankali. Zai yanka bidiyon gunduwa gunduwa daidai inda ya tsallake, kowane yanki kuma sai an sami abin da ido zai gani kunne ya ji lokaci guda, a ɗaure su tare.

"Kamar mi?"

"Kamar taɓarya ta faɗa turmi."

Nan Inna ta gyara zama. Luguden da ke cikin bidiyon ai da ita aka yi shi. Yana ja tana girgiza kai. "A'a, wagga ƙarar ta Rahina ce, abokiyar dakana, tawa ta fi nauyi. Ƙara matsawa. Tsaya nan!" Taɓarya ta sauka, dum, daidai. Naja'atu ta saki ajiyar zuciya, suka haɗa ido da Muttaka, kowa ya yi maza ya kau da kai.

Haka suka bi yanki yanki, da tafi, da rufe ƙofar mota, har aka iso kan Malam. Nan aiki ya tsaya cik. Mai ɗaukar bidiyon ya tsaya nesa, gemu ya rufe bakin, babu tafi babu turmi. Muttaka ya ja gaba, ya ja baya, duk bai zauna ba. Zufa ta jiƙa masa riga.

"Inna, nan kam ban da dabara," ya ce.

Inna ta rufe ido. "Kunna muryar kaɗai."

Muryar ta cika zauren, a natse, tana yi wa amarya addu'ar zaman lafiya da zuri'a ta gari. A ƙarshe ta ce, "Allah shi nuna muna na wagga."

"Nan ne," in ji Inna, hawaye na bin kuncinta. "Yana cewa wagga, hannunai na sauka kan Naja'atu. Ina bakin ƙofa, na gani."

Muttaka ya nemo inda hannun ya taɓa kan yarinyar, ya jawo kalmar ya ajiye ta a wurin. Ya mayar baya ya kunna. Gemu ya motsa, murya ta fito tare da shi, Malam Almustapha ya yi addu'arsa da bakinsa tun daga bisimilla har amin. Naja'atu ta toshe baki da mayafi ta ruga cikin gida. Inna ta ce a sake. Aka sake, ta ce a ƙara.

Da zai tafi ta kira shi. "Wanga karon ka duba har ƙarshe?"

"Na duba, Inna."

"To. Ka ce ma manyanka ina gida."

Sufyanu kunya ta hana shi sake bi ta unguwar, amma ranar ɗaurin aure ya zo, har da shi aka yi ta jigilar baƙi. Tun da safe ango ya tura saƙo:

"Sanyin Ido, yau bakina da zuciyata sun daidaita, babu mai tsere wa wani."

Ta amsa: "Ka dai duba har ƙarshe, Mai Gyarana."

Da yamma, kafin a fita da amarya, aka zaunar da ita gaban Inna don nasiha. Inna ta buɗe baki, kuka ya ci ƙarfinta. Sai ta laluba wayarta ta kunna, ta ɗaga ta yadda kowa zai gani. Malam Almustapha ya yi addu'ar zaman lafiya da zuri'a ta gari, da ya kai "Allah shi nuna muna na wagga," hannunsa ya sauka kan 'yar yarinyar da ke gwiwarsa, hannun Inna ya sauka kan lulluɓin amarya.

"Ga shi Allah ya nuna muna, Malam," ta ce. "Tashi, ɗiyata. Allah shi yi maku albarka."

Ɗaki ya ɗauka da amin. Sai a lokacin maƙwabciyar nan ta rangaɗa guɗa.