Gawar Da Ta Tsallaka Gada

Katifa biyu, firji ɗaure da igiya, tukunyar gas, keken ɗinki, akwatunan tufafi, kwalin kwanuka, da fanka naɗe cikin bargo. Abin da ke bayan motar Dogo ke nan lokacin da ya gangaro tudun da ke kaiwa babbar gada. Kayan ƙanwarsa ne, ma'aikaciyar jinya da aka canja wa wurin aiki. Tana zaune gefensa, jaka a cinya.

Duk direban da ke bin hanyar ya san abu biyu. A gindin tudu 'yan sandan hanya ke laɓewa bayan allon talla da na'urar auna gudu. A tsakiyar gada kuma huruminsu ya ƙare. Kafin gada na ofishin tudu ne, bayan gada na ofishin gari.

Dogo ya ga an ɗaga masa hannu. Ya dubi gada, ya ƙara taka mai.

A gidan man da ke bakin gari aka kama shi. Saƙo ne ya zo ta rediyo daga ofishin tudu: farar motar kaya ta buge mai keke kafin gada, ta kashe shi, ta gudu.

Sufeton da ke bakin aiki a ofishin gari mace ce marar yawan magana. Ba ta gama karanta saƙon ba sai ga Sajen 'yan sandan hanya ya sauka daga bayan wani babur, yana share zufa.

"Ranki ya daɗe, na zo karɓar direbana."

"Direbanka?"

"Wanda ya kashe mai keke. A gefenmu ya buge shi. Gawa tamu ce, laifi namu ne."

"Ina motar sintirinku? Na ga a babur ka zo."

"Tana wurin bakanike. Birki."

"Da mota marar birki kuke kama masu gudu?"

Saje ya yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba.

"Zauna ka sha ruwa," in ji Sufeto. "Sai na cike takardar miƙa shi."

Ba ta ɗauko takardar ba. Tun da ta shiga aikin nan take ganin 'yan sanda na tura matsala ƙetaren gada. An taɓa samun mataccen jaki a tsakiyarta, ofisoshin biyu suka yi ta gardama kan inda kansa ya fuskanta har ya ruɓe. Ba ta taɓa ganin wanda ya zo a guje yana cewa gawa tasa ce ba.

A ɗakin tambayoyi Dogo na zaune ya haɗa hannuwa, ƙanwarsa na tsaye jikin bango.

"Da wane irin gudu ka sauko tudu?"

"Daidai ƙa'ida, ranki ya daɗe. Ga firji a baya, ina zan yi gudu?"

Ƙanwar ta ɗaga kai tana kallon silin.

"An tsayar da kai?"

"Ban ga kowa ba."

"Idan na miƙa ka ga Saje, kisa za a rubuta maka, da gudu bayan kisa. Ka gane?"

"Wallahi ban taɓa kowa ba. Ko kaza."

Sufeto ta fita ta zagaya motar. Fitilu lafiya lau, gilashi ba tsaga. Lotsawa ɗaya ce a gaba, ita ma ta yi tsatsa.

"Ƙofar gidan surukansa ya buga," in ji ƙanwar daga baya. "Ranar da ya je nuna musu mota."

"Ke, wa ya tambaye ki?" in ji Dogo.

Sufeto ta ɗauki ɗan sanda ɗaya suka tsallaka gada. An riga an kai gawa ɗakin ajiye gawa na asibitin gari, amma keken na kwance a bakin kwalta, tayar baya ta lanƙwashe. Wani Kofur na gadinsa.

"Ranki ya daɗe, nan fa gefenmu ne."

"Na sani. Kallo na zo yi."

Ta durƙusa. Ba alamar jan birki a kwalta. Ba fasasshen gilashi. Jinin da ke ƙasa bai kai tafin hannu ba. A bayan keken akwai igiyar roba da aka ɗaure kaya da ita, ƙarfen wurin duk ya yi danƙo da busasshiyar kwanduwar ƙwai.

Ta duba ƙasa, ta duba ciyawa. Ko ɓawo ɗaya babu.

"Kofur, ina ƙwan?"

"Wane ƙwai?"

"Shi ke nan," in ji ta.

A ƙofar ɗakin ajiye gawa ta sami ƙanin mamacin, dattijo mai furfura a gemu, yana riƙe da hular yayansa.

"Malam, Allah ya ba da haƙuri. Me yayanka ke yi?"

"Kaji muke kiwo tare. Shi ke kai ƙwai kantuna."

"Ina gidan kajin?"

"Bayan kwanar nan da ke gaban gada, in za a shigo gari."

"An ce a gefen tudu aka same shi."

Dattijon ya dube ta sosai.

"Me zai kai Yaya tudu? Gwiwarsa ba ta hawa ko matakala. Ba mu da mai saye ko ɗaya a can. Daga gidan kaji ya fito kwalta, ya miƙe gari. Hanyarsa ke nan tun da na san shi da keke."

Kwanar tana cikin hurumin Sufeto, gada na bayanta. Ba ta sha wahalar nema ba, ƙudaje ne suka nuna mata. An watsa yashi a wani wuri a gefen hanya. Ta ture shi da takalmi, jini ya bayyana, mai yawa. A cikin kwata ga tarin ɓawon ƙwai da yagaggun kwalayen ɗaukarsa, ga takalmin ƙafa ɗaya. Ga dogon zanen taya biyu a kwalta.

Ɗan sandan da ke tare da ita ya tsinto wani abu daga ciyawa: guntun gilashin fitila, da ɓallen shuɗin fenti manne a bakinsa.

Motar Dogo fara ce.

Ta koma ɗakin tambayoyi ta ƙofar baya, don Saje na nan zaune a gaba yana jiran takarda.

"Dogo, zan sake tambayarka. An tsayar da kai?"

Dogo ya kau da kai.

"Yaya, ka faɗa mata mana," in ji ƙanwar. "Ƙaryar nan taka gidan yari za ta kai ka. Ni kuma me zan ce wa Inna?"

Dogo ya sauke numfashi.

"An ɗaga mini hannu. Na yi gudu, ban musa ba. Na ce in na haye gada shi ke nan, haka kowa ke yi. Ba sa tsallakowa."

"Yau fa?"

"Yau suka tsallako. Na gan su a madubi, da jiniya da komai."

"Mai keke fa?"

"Na wuce shi a kwana, yana gefensa, da kayansa a baya. Na kauce masa. Da na sake duba madubi, babu su."

"Me ya hana ka faɗa tun farko?"

"In ce miki na guje wa 'yan sanda, a cikin ofishin 'yan sanda?"

Sufeto ta sake tsallaka gada. Ba ta nemi gidan bakanike ba, ta wuce bayan allon talla. Shuɗiyar motar sintiri na nan, an juya gabanta wajen daji. Kofur ɗin ɗazu na durƙushe da bokiti da tsumma yana goge ta. Fitilar dama a fashe take.

Ta ɗora guntun gilashin a gurbinsa. Ya zauna daidai.

"Ƙwai yana da wuyar fita in ya bushe," in ji ta. "Wa ke tuƙi?"

Tsumman ya faɗi daga hannun Kofur.

"Saje ne. Ya ture ni daga sitiyari. Na ce masa mun kai iyaka, ya ce in rufe masa baki."

"Wa ya ɗauki mutumin?"

"Shi ya kama kafaɗu, ni ƙafafu."

"Ba ni da ikon kama ka a nan, Kofur. Amma zan taka in koma gefena. In ka ga dama ka biyo ni."

Ya biyo ta.

Da Saje ya ga Kofur ya shigo bayan Sufeto, sai ya miƙe, sannan ya koma ya zauna. Ta ajiye gilashin da takalmin a kan tebur.

"A ina aka buge mai keke, Saje?"

"Na faɗa miki, kafin..."

"Ƙwansa na gefena. Jininsa na gefena. Fitilarka ma na gefena."

Saje ya daɗe yana kallon takalmin.

"Kullum haka suke mana," in ji shi a hankali. "Ka tsaya cikin rana, ka ɗaga hannu, su wuce. Suna haye gada sai su fito da hannu ta taga su yi maka bankwana. Yau na ce wannan ba zai sha ba. Na shiga kwana, sai ga mutum."

"Sai ka kwashe shi."

"In aka same shi a gefenki, tambayar farko ita ce me ya kawo motata nan. A gefena, ni zan rubuta rahoto."

"Ka rubuta wa direban da ka san bai taɓa shi ba."

"Da ya tsaya, da duk wannan bai faru ba."

"Lokacin da kuka ɗaga shi, da rai?"

Sufeto ta juya wajen Kofur.

"Yana numfashi, ranki ya daɗe."

"Asibiti yana gabanka, Saje. Daga kwanar ana hango rufinsa. Ka juya da shi baya."

Ta yi wa ɗan sandanta alama, ya karɓi hular Saje da bel ɗinsa.

A bakin kantar ofis aka miƙa wa Dogo makullin motarsa. Ya kai hannu zai karɓi lasisinsa, Sufeto ta dafe shi.

"Gudun da ka yi kafin gada ba nawa ba ne. Na bayan gada nawa ne. Za ka amsa shi gaban alƙali."

"To ni wa zai kai mini kayana?" in ji ƙanwar.

"Nemi direban da ke tsayawa in an ɗaga masa hannu."

Dogo ya tsaya yana juya makulli.

"Ranki ya daɗe, da na tsaya..."

"Da an rubuta maka tara, mutumin ya kai ƙwansa kanti."

Dogo ya miƙa wa ƙanwarsa makullin, ya fita.

Wayar Sufeto ta yi ƙara tana bin Saje zuwa ɗakin tsare mutane. Shugaban ofishin tudu ne. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali, sannan ya ce yaronsu ne, a turo musu shi, za su hukunta abinsu a cikin gida. Bai kamata, in ji shi, a ji 'yan sanda sun kulle ɗan sanda ba.

Ta saurare shi har ya gama. Saje ya shiga ɗakin. Ta ja ƙofar ƙarfen ta rufe, ta murza makulli.

"Yallaɓai, a gefena aka buge shi," in ji ta. "Nan zai zauna, daga nan zai tafi kotu."