Albasar Alhaji Seidu

"Bai shirya ba."

Abin da Najat ta rubuta ke nan a takardar gwajin. Ta kasa ɗagowa ta dubi Abdul-Rauf.

"Ke ce kika ka... kayar da ni, Najat?"

"Rabin raina, minti goma kana gaban kyamara, ko jimla uku ba ka haɗa ba. Me zan rubuta?"

Jami'a ta riga ta yanke hukunci: duk malamin da bai ci gwajin koyarwa ta intanet ba, a karɓe darasinsa a ba wani. Ita, da yake ma'aikaciyar jami'ar ce, aka ɗora wa yin gwajin. Shi kuwa malamin adana amfanin gona ne na wucin gadi, kuma mahaifinta Alhaji Seidu, dillalin albasa a kasuwar Aboabo ta Tamale, ya ce ba zai ba shi 'yarsa ba sai aikin ya tabbata.

A aji, Abdul-Rauf zaki ne. Ɗalibai har ta taga suke leƙe.

"Ina da i'ina tun ina yaro," ya ce a hankali. "In ina kallon fuskar mutum, tana sakina. Wannan baƙin idon na kyamara kuwa... ba ya gyaɗa kai, ba ya musu. Da wa nake magana?"

Hawaye suka cika idonta.

"Akwai gwaji na biyu ran Alhamis. Zan roƙi shugaban sashe ya duba ka daga ofishinsa. Ni zuciyata ba za ta sake ɗauka ba."

Labari ya kai kunnen Razak, malamin da ya daɗe yana harin darasin, yana harin Najat ɗin ma.

Ran Alhamis, ana saura minti biyu a fara, ƙofa ta buɗe. Najat ta waiwaya.

"Baba!"

"Razak ne ya ɗauko ni a babur, wai in zo in ga surukin da kika zaɓo min." Alhaji ya ja kujera ya zauna daidai bayan kyamara, ya harɗe hannu.

Razak ya jingina da bango yana murmushi.

Jar fitilar kyamara ta kama. Zufa ta karyo wa Abdul-Rauf.

"Yau za mu... mu... duba al... albasa. Ba a sa ta a bu... buhu sai ta sha iska a inu..."

"Inuwa?" Alhaji ya katse shi. "Kai yaro! Shekara talatin ina shanya ta a rana!"

Najat ta rufe fuska da mayafi. Shi ke nan!

Sai ta ji muryar Abdul-Rauf, tar kamar a aji.

"A buhu goma, nawa ke ruɓe maka kafin damina, Alhaji?"

Alhaji ya ƙirga da yatsu. "Uku. Wata shekarar huɗu."

"Ranarmu ta Tamale dafa ta take yi, ba busarwa ba. Matsa wuyanta ka ji. In da laushi, da sauran ruwa a ciki."

"To iskar fa, ta ina za ta shiga?"

Alhaji na tambaya, shi yana amsawa, yana zana rumbu a allo, idonsa ƙyam a saitin kyamara. Minti arba'in suka shuɗe, ko tuntuɓe harshensa bai yi ba. Ba wanda ya lura da fitar Razak.

Wayar Najat ta yi ƙara. Saƙon shugaban sashe ne: Abdul-Rauf ya ci gwajin. A ƙasa ya ƙara, "Wane ne ɗalibin nan mai gardama? A riƙe shi!"

Dariya da kuka suka haɗe mata.

Alhaji ya miƙe yana gyara hula.

"Gobe ka zo Aboabo ka duba min rumfata." Har ya kai ƙofa ya waiwayo. "Ka taho da kawunnanka."

Abdul-Rauf ya daɗe yana kallon kujerar.

"Masoyiya, Alhaji dai ba zai zo min kullum ba..."

Najat ta share idonta, ta zagaya bayan kyamara ta zauna, ta harɗe hannu irin na babanta.

"Fara, Malam. Gardama gadonta na yi."