Layuka Biyar

"Ni za ka raina wa hankali?!"

Na duƙunƙune takardar na jefa masa a ƙirji. Saurayina Mai Jita ya tsaya a bakin kantin maganin da nake aiki, hannunsa duk baƙin man injin, don gyaran janareto ne sana'arsa, kiɗa kuwa sha'awa ce kawai.

"Kurciyata, me ya faru?"

"Kada ka ƙara kirana da sunan nan!"

Sati biyu kafin nan ya ba ni takardar. Layuka biyar-biyar ne, da baƙaƙen ɗigo kamar tururuwa sun hau igiyar shanya. Shekara guda yana koyon rubutun kiɗa daga wani tsohon littafi, ya ce wannan ce waƙa ta farko da ya rubuta, kuma tawa ce. Ni da ban san ko do-re-mi ba, sai na kai wa 'yar Gwaggona, wadda nake ce wa Yaya, tunda ita ke koyar da kiɗa a firamare.

Ta duba, ta tuntsire da dariya.

"Wayyo ƙanwata! Darasin 'yan aji biyu ne ya kwafo miki. Ashe gaskiyar Baba da ya ce makaɗi ba ya da ta ido."

Dama Baba ya hana ni kula shi, ga wannan kuma. Zuciyata ta yi baƙi ƙirin.

"Bari in kaɗa miki ki ji..." in ji Mai Jita.

"Ka je ka kaɗa wa 'yan aji biyu!"

Ya daɗe yana kallona, sannan ya juya. Ya kira ni sau goma sha ɗaya, ban ɗauka ba. Daga nan ya daina.

Takardar kuwa na tsince ta na jefa a jaka. Wallahi ba don so ba, don haushi ne. Na rantse ba wanda zai ƙara yi min dariya a kan ɗigo. Na shiga ajin wata Malama mai tsohon fiyano, ranar Asabar da yamma. Wata bakwai ina ƙirga bugu, ina haɗa sauti uku-uku, tana buge min yatsa da fensir.

Ranar da na iya karatu da kaina, na baje takardar a kan fiyanon.

Na danna sauti na farko... na biyu... na uku...

Sai na gane sautin.

Ɗan gunagunin waƙar nan ne da nake yi in ina jera magani a kanta. Ba wanda ya koya min shi, ban ma san ana jina ba. Har inda muryata ke sarƙewa in na miƙa hannu sama, ya sa alamar shiru a wurin. Layin ƙarshe kuma ya bar shi fili.

"Wa ya rubuta wannan?" in ji Malama. "Ya saurare ki sosai, yarinya."

Ko sallama ban yi mata ba na fice.

Na same shi a shagonsa, durƙushe gaban janareto. Yaya na zaune a kan benci da kwanon abinci a cinya, zoben baiko na walƙiya a yatsanta. Ashe shi ne saurayin Yaya da Gwaggo ke ta ɓoye mana sunansa!

"Na karanta," na ce, muryata na karyewa. "Da kaina na karanta..."

Bai ɗago ba.

"Kin makara, ƙanwarmu."

Ƙanwarmu! Ni ce yau ƙanwarmu!

Na juya kan Yaya. "Kin san ba darasin yara ba ne. Kin sani!"

"Haba, kowa yana kuskure," ta ce tana gyara mayafi. Ko kunya babu a idonta.

"Kai kuma ka ji abin da ta yi, ka yi shiru?"

Sai a lokacin ya ɗago, idonsa jajur.

"Ita ta yi ƙarya sau ɗaya. Ke kuwa minti biyu na roƙa ki saurara, kika hana ni."

Na ce, "To layin ƙarshen fa? Me ya sa ka bar shi fili?"

"Ke na bar wa, ki ƙarasa."

"Ba sai kin wahala ba," in ji Yaya, tana murmushi. "Na ƙarasa masa tuni. Da waƙar za mu shigo ranar auren, ki zo da wuri ki ji."