Kwaɓin Da Ya Ƙi Tashi

"Baba, don Allah ka daina kallona haka. Kallon naka ne ma yake hana shi tashi."

"Ni ban ce komai ba, Auta."

"Shi ne ai. Ba ka ce komai ba."

Mai Burodi ya sauke idonsa kan hannunsa na hagu, wanda ke kwance a cinyarsa kamar kayan aro. Shekara huɗu ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta raba shi da gidan burodin da ya ba shi suna, ta ɗora shi a keken marasa lafiya. Tun daga lokacin autarsa ce ƙafarsa. Takan dawo daga asibitin da take aikin jinya, ta tuɓe fararen kaya, ta kama wata jinyar a gida.

Yau ta turo kekensa bakin ƙofar kicin don kada kaɗaici ya dame shi. Ta ɗaga tawul ɗin da ta rufe kwano da shi, ta leƙa, ta yi tsaki. Kwaɓin fulawar yana nan yadda ta bar shi rabin awa da ta wuce, a dunƙule kamar dutse. Wannan shi ne na biyu. Na farko yana cikin kwandon shara.

Fiza take son yi, kuma ya san dalili. Ranar da Dogo, injiniyan wutar da ke neman aurenta, ya fara kai ta cin fiza, ta ce masa ai wannan burodi ne kawai aka shafa wa tumatir, 'yar mai burodi ba za a burge ta da shi ba. Dogo ya yi dariya ya ce ranar da ta gasa masa da hannunta, ranar zai san ta shirya zama a gidansa. Wasa ya zama alkawari. Sau uku ana tsayar da lokacin aure, sau uku tana ɗagawa saboda jikin Baba.

Shekaranjiya Mai Burodi ya jiyo su a waya, don bangon ɗakinsa ba ya riƙe sirri. An yi wa Dogo canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisa. Zai zo yau ƙarfe biyar ya ji amsa, kuma ya ce ba zai sake tambaya ba.

"Na bi duk abin da aka rubuta," in ji ta, tana shafa fuskar wayarta da yatsa mai fulawa. "Fulawa kofi biyu, gishiri, mai, yis, ruwa... To me ya rage? Ni da nake auna maganin jarirai ban taɓa kuskure ba!"

Mai Burodi ya kau da kai.

Ya san abin da ya rage, tun kwaɓin farko. Auta ba ta yarda da ruwan da bai tafasa ba. Tun lokacin da gyambon kwanciya ya kusa halaka shi, take tafasa cokalinsa da kofinsa da tsummar goge masa jiki. Da idonsa ya ga ta sauke buta daga wuta tana tururi, ta tuttula a kan yis. Shi kuwa yis abu ne mai rai, ruwan zafi kashe shi yake yi nan take. Shekara talatin da ɗaya yana dukan teburi a kan wannan maganar idan sabon ma'aikaci ya zo.

Amma ya yi shiru. A karo na biyu ma ya yi shiru, yana gaya wa kansa cewa ba a tambaye shi ba.

Babban ɗansa ya daɗe yana roƙon ya koma gidansa, har ɗaki ya gyara masa a ƙasa. Mai Burodi ne ya ƙi. Wa zai san yadda yake son a tokare masa filo? Wa zai gane maganarsa da safe kafin harshensa ya saki? Auta kaɗai.

Ta zazzage buhun fulawar, da kyar ta cika kofi biyu. Ta ɗauko ƙunshin yis na ƙarshe. Agogon bango ya nuna huɗu da kwata.

"Wannan ne na ƙarshe, Baba," ta ce, muryarta a dusashe. "Idan ya ƙi, shi ke nan. Zan ɗauka Allah ne ya nuna mini ba rabona ba ne. Dama ina zan tafi in bar ka?"

Maganar ta sauka masa a ƙirji. Shirun da ya yi da gangan ne za ta kira hukuncin Allah, ta rungume shi har tsufanta, tana yi masa godiya kullum da safe.

Ta sauke butar. Tururi ya rufe mata fuska.

"Ajiye butar nan."

"Baba, lokaci..."

"Na ce ki ajiye. Ruwan ne yake kashe miki yis. Ɗumi yake so, ba tafasa ba."

Ta tsaya da butar a hannu. A hankali ta juyo.

"Yanzu ka lura?"

Ƙarya tana kusa da bakinsa, mai sauƙi, kuma ya san za ta yarda. Ya haɗiye ta.

"Tun na farko na gani."

"Ka gani." Ta ajiye butar kamar mai tsoron ta fashe. "Tun ƙarfe biyu nake tsaye a nan ina zagin kaina, kana zaune kana kallona... Baba, ni ce fa."

"Ke ce. Shi ya sa."

Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta juya masa baya, ta dafa bakin teburi da hannu biyu, kafaɗunta suna rawa.

"Autata, ki yi fushin daga baya, ya halatta. Yanzu sirka ruwan. Ɗiga a bayan hannunki, kamar za ki gwada madarar jariri."

Ta ɗago daga jikin teburin. Sannan ta jawo kofi, ba tare da ta dube shi ba.

"Ƙaramin cokali na sukari. Zuba yis ɗin duka, sauri muke. Bar shi ya huta."

Minti biyar suka wuce. Sai ga kumfa ta taso saman kofin, wani ƙamshi ya cika kicin ɗin, ƙamshin da rabonsa da shi shekara huɗu. Idonsa ya yi zafi.

"Kawo kwanon nan cinyata. Ke riƙe, ni in murza."

"Da hannu ɗaya?"

"Hannun nan ɗaya ya fi naki biyu. Kina taɓa kwaɓi kamar mai wanke ciwo."

Dariya ta kusa kuɓuce mata, ta danne. Ya danna da tushen tafinsa, ya naɗe, ya juya, ya sake dannawa, gumi yana bin wuyansa, har kwaɓin ya yi santsi ya daina kama yatsa. Ya sa ta shafa masa mai, ta rufe, ta ajiye kusa da murhun gashin da ta riga ta kunna.

Biyar saura minti biyar aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Dogo ya shigo da sallama, ya sunkuyar da kai saboda ƙofar, ya durƙusa ya gaida Baba. Sannan idonsa ya zagaya kicin ɗin: teburi ba faranti, ba fiza, sai Auta da jajayen idanu. Fuskarsa ta sauya.

"Na gane," ya ce a hankali. "Ba komai, rabin raina. Ba zan tsananta miki ba."

"Ba ka gane komai ba," in ji Mai Burodi. "Ka jira shekara huɗu, minti ashirin ne zai gagare ka? Jawo kujera. Jinkirin nan nawa ne, ba nata ba. Auta, buɗe masa."

Ta ɗaga tawul ɗin. Kwaɓin ya kumbura har ya kusa taɓa bakin kwano. Ta danna yatsa, ramin ya taso a hankali ya cike. Dogo ya dubi kwanon, ya dube ta.

"Sai ka yanka tumatir," ta ce masa, hawaye na zuba. "Ba zama ka zo yi ba."

"Kafin nan, ɗana, ara mini wayarka," in ji Mai Burodi. "Kira mini yayanta. Ina so in ji ko ɗakin nan na ƙasa yana nan."

Auta ba ta ce wa mahaifinta ta yafe ba. Ta dai ɗebo ruwa a ƙaramin kwano, ta ɗiga a bayan hannunta, sannan ta durƙusa gaban keken, ta kama hannunsa na dama ta fara wanke masa fulawar, yatsa bayan yatsa.