Taɓi Biyu a Kafaɗa

"Ɗauko mayafinki mu tafi gida!" Yaya ya daka min tsawa, idonsa a kan hannuna da ya kumbura.

"Yaya, wallahi ba da gangan..."

"Sai ya karya miki wuya za ki yi hankali?"

Mijina na tsaye a kicin, bayansa manne da bango kamar kullum. Tun da ya bar rundunar soja ta musamman ba ya zama inda ba ya ganin ƙofa. Inda aka tura su da abin da suka yi a can, ko ni matarsa ban taɓa ji ba.

Ɗazu yana wanke kofi na lallaɓo ta baya na rungume shi. Kafin ƙiftawar ido ina ƙasa, hannu a murɗe. Ni da na zo soyayya, sai ga ni ina ganin taurari da rana tsaka!

"Tafi da ita, Yaya," mijina ya ce, murya a dushe. "Gaskiyarka ce."

Wannan maganar ta fi murɗiyar yi min ciwo.

"Au, korata kake yi?"

"Tsoron hannuna nake, masoyiyata. An koya masa abin da ya ƙi mantawa... bai san ke ba ce."

"To abokan aikinka fa? Su ma haka kake murɗe su?"

Ya girgiza kai.

"In za mu faɗa wa gida ba a magana. Na bayanka zai taɓa kafaɗarka sau biyu, wato naka ne, ina nan." Ya dafa kafaɗarsa. "Mai taɓa tawa... a can muka baro shi."

Sai ya juya mana baya don kada mu ga idonsa. Ban taɓa ganin ya ba kowa baya da saninsa ba.

Na taka zuwa gare shi.

"Ke! Kanki ɗaya kuwa?" in ji Yaya.

Ina son mutumin nan fiye da yadda nake tsoronsa. Na ɗaga hannun nan mai ciwo na taɓa kafaɗarsa. Ɗaya... biyu.

Jikinsa ya sandare. Ni ma na riƙe numfashi.

Sai kafaɗun suka sauka a hankali. Ya lalubo yatsuna, ya fashe da kuka kamar yaro.

"Taka ce," na raɗa masa. "Ina nan."

Yaya ya daɗe yana kallonmu. Sannan ya ajiye mayafina a kan kujera, ya ja mana ƙofa.